Farashin Dorian Mabry

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Jiya ma mun sha kashi, a gidanmu, a gaban mutanenmu. Wasa shida, nasara ɗaya tal. Likita ta ce in riƙa rubuta abin da ke cin raina maimakon in riƙa yi wa talabijin ihu, wai saboda hawan jini. To ga shi ina rubutawa, mu ga ko takarda za ta iya abin da ƙwayar magani ta kasa.

Na tsufa a ƙwallon Amurka ina aiki ɗaya: koya wa ƙartin gaban tsaro yadda za su fasa katangar mutane su kayar da mai jifa kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Ban taɓa ganin kakar wasan da ta ruɓe da wuri irin wannan ba. Jiya mutum ɗaya ne cikin yarana ya yi wasa kamar ya san ana biyansa, shi ne Dorian Mabry. Shekararsa talatin da ɗaya, tara daga ciki a hannuna ya yi su. Ɗan garin nan ne, a bayan tsohuwar masana'antar ƙarfe aka haife shi. Da muka shiga ɗakin sauya kaya ya dafa kafaɗata da hannun nan nasa mai faɗin faranti ya ce, "Tsoho, saki fuska mana. Kada ka faɗi ka mutu mana a nan, kowa ya gaji, babu mai ɗaukarka."

Na ce ya ba ni wuri. Ya tafi yana dariya.

Talata, 15 ga Oktoba, tsakar rana

Talata hutun 'yan wasa ce. Mu kociyoyi kuwa ita ce ranar da ake kulle mu a ɗaki da kofi mai sanyi muna tsara wasan Lahadi. Dorian yana asibiti da matarsa Renita, kamar kowace Talata tun watan Agusta. Shi ke tuƙa ta, ya zauna kusa da ita har ruwan maganin da ake ƙara mata ya gama shiga, ya mayar da ita gida. Na san hawa na huɗu na asibitin nan, na san kujerunsa. Ba zan rubuta sunan ciwon ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan atisaye

Manajan kulob, Gil Sorensen, ya aiko a kira ni saman bene. A shekara sau ɗaya nake hawa benen nan, shi ma don a ce mini ba za a ƙara albashi ba.

"Koci Vern, zauna mana. A kawo kofi?"

"In korata za ka yi, yi da sauri, ina da aiki."

Ya yi murmushin nan nasa na mai sayar da mota. Ya ce daga Lahadin nan yana so in canza yadda nake amfani da Dorian. In ana sa ran abokan karawa za su ruga da ƙwallo, in fito da shi ya huta. In ana sa ran jifa, in sake shi da sabon ƙarfi ya je ya kayar da mai jifa.

"Ina so a gan shi," in ji shi.

"Wa zai gan shi? Shekara tara garin nan na ganinsa."

"Ba garin nan nake nufi ba."

Sai a lokacin na zauna. Ya juyo mini da allon kwamfuta ya shiga yi mini karatu kamar ɗan koyo, ni da na fara harkar nan kafin ya iya ɗaura takalmi. Wai bana ba mu zuwa ko'ina, kowa ya sani. Wai kasuwar musayar 'yan wasa za ta tashi ranar Talata biyar ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma. Masu neman kofin gasa suna sayen taimako, irinmu suna sayarwa, a biya su da gurbi a layin zaɓen yaran jami'a na watan Afrilu. Zagaye bakwai ake yi, na farko zinariya, na bakwai sai a hankali.

"Abu uku mai saye ke dubawa," ya ce. "Shekaru, sauran kwantiragi, da abin da ya gani da idonsa kwanan nan. Shekaru ba sa gefenmu. Kwantiraginsa a Maris zai ƙare, wato haya kawai za su yi na 'yan watanni. Yau in na ɗaga waya, zagaye na shida za a ce mini. In ya kayar da masu jifa uku ko huɗu kafin kasuwa ta tashi, sai a fara maganar na huɗu, ƙila na uku. In kuwa na riƙe shi, Maris na yi ya tafi, mu tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba."

Na ce, "Ka san halin da matarsa ke ciki?"

"Na sani. Ni na aika mata furanni." Ya cire tabarau ya murza ido. "Vern, nima kujerata rawa take yi. Kuma maganar nan daga ni sai kai sai babban koci. In ta fita, farashi ya faɗi, kai ma ka faɗi."

Na sauko na tarar da Dorian a bakin ƙofar fita da jakarsa. Ya ce, "Tsoho, me suka ce maka a sama? Ka fito kamar ka ga fatalwa." Na ce matakala ce ta yi mini yawa.

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na rubuta sabon tsarin, na miƙa.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan wasa

Mun sake faɗuwa, amma tsarin Sorensen ya yi aiki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Dorian ya shigo da ƙafafu sababbi, ya bi ta gefen ƙaton da aka sa ya tare shi kamar ba mutum a wurin, ya kayar da mai jifa sau ɗaya, ya kusa na biyu. Na ɗaga kai na dubi inda baƙi ke zama a saman filin. Na ga fuskoki uku da ban sani ba, kowa da madubin hangen nesa, babu mai kallon ƙwallo, duk lamba casa'in da huɗu, ta Dorian, suke bi.

A ɗakin sauya kaya ya zo yana ɗigar gumi ya ce, "Ashe dai kana sona, Tsoho! Shekara tara kana gasa ni, sai yanzu ka tuna gwiwata nama ce. Wakilina ya ce alama ce mai kyau, wai tattalina ake yi don a sabunta mini kwantiragi. Ko ba haka ba?"

Na ce, "Je ka yi wanka, kana wari."

Ban faɗa masa ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

Na tsaya a shago sayen madara, na ga sun fara jera hotunan talotalon da ake yankawa a bikin godiya tun yanzu. Ƙanina yana kiwonsu a gona. Ya ce watan ƙarshe ne ake fi ba su abinci mai kyau. Na fito ban sayi madarar ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na sake hawa bene, ba a kira ni ba. Na shirya maganata tun a mota. Na ce wa Sorensen gwiwar Dorian ta hagu, wadda aka yi wa aiki shekarun baya, tana kumbura bayan kowane wasa. Na ce duk wanda ya saya zai dawo mana da shi, mu ji kunya. Rabin maganar gaskiya ce, gwiwar kowane mai shekarunsa na kumbura.

Ya bar ni na gama tsaf sannan ya ce, "Likitocinmu sun ce lafiyarta lau. Amma bari in tambaye ka. In ka fita kana cewa gwiwarsa ta lalace, ya zauna nan zuwa Maris, daga nan fa? Mu ba za mu sabunta ba, wannan an gama. Su kuma sauran sun ji cewa kocinsa da bakinsa ya ce gurgu ne. Wa zai ɗauke shi? Da me zai riƙe gidansa da matar da ke kwance? Kana so ka taimake shi ko kana so ka ji daɗin ranka?"

Gaba kura, baya siyaki. In ya yi kyau a tafi da shi, in ya yi muni a jefar da shi. Na tsani yaron nan mai tabarau, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban sami inda ya yi ƙarya ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Jini ya hau. Likita ta tambaya ko ina rubutun. Na ce ina yi. Ta ce to in ci gaba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan na dawo daga gidansu

Renita ta aiko cewa in ban zo cin abinci ba za ta kai ƙarata wurin fasto. Na je. Ta rame, ta ɗaura kallabi ruwan ɗorawa har kan gira, amma bakin nan yana nan daram. Dorian ne ya yi girkin, haƙarƙari gasasshe da burodin masara, ita tana daga kujera tana ba da umarni.

"Baba Vern, dubi yadda ya ƙona mini tukunya. Mutumin da ke kayar da ƙarti ya kasa juya wake."

"Ke dai ci ki yi shiru," in ji shi. "Jiya ma kin yaba."

"Jiya bakina ba ya jin ɗanɗano, shi ya cece ka."

Ta ɗan taɓa abincin ta ture. Da ya shiga kicin ta matso ta rage murya. Ta ce, "Baba Vern, na gode da kake sake mini shi ranar Lahadi. Wallahi duk mako ina jin jikin nan kamar na aro. Amma in na ga ya tashi ya nufi mai jifa, sai in manta. Ranar nan har tsaye na miƙe ina ihu, maƙwabciya ta rugo ta ɗauka wani abu ne. Ka ci gaba da sakinsa, ka ji?"

Na ce na ji.

Likitanta yana garin nan. Mahaifiyarta tana gidan tsofaffi a ƙarshen titinsu. Ta ce sai bayan sabuwar shekara za a san ko maganin ya kama, kafin nan ko garin maƙwabta an hana ta zuwa. Na ci burodin masarar ban san inda yake shiga ba. Dorian ya rako ni har mota, iska daga tafki tana kaɗa ganye a kan titi. Ya tsaya kamar yana jiran in ce wani abu.

Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, a jirgin dawowa

Na yi abin da ban taɓa yi ba. A kashi na uku na wasa, lokacin jifa ya zo, na bar shi a benci na tura wani. Sau biyu na yi haka. A na uku muryar babban koci ta shigo mini ta abin kunne: "Vern, ina casa'in da huɗu? An kira ni daga sama." Dorian kuma yana tsaye a bayana da hular kwanonsa a hannu yana huci.

"Tsoho, me na yi maka? Ka sa ni mana!"

Na sa shi. Yana shiga ya buge ƙwallo daga hannun mai jifa. 'Yan benci suka yi ta tsalle, ni ma hannuna ya ɗaga da kansa kafin in tuna. Yanzu yana can baya yana barci da ƙanƙara a gwiwa. Sorensen yana gaba, tun da muka tashi bai ɗago daga wayarsa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da rana

An ce kulob huɗu sun kira. An ce an bar maganar zagaye na shida.

Talata, 29 ga Oktoba, da rana

Suna asibiti. Ina kallon faifan wasa, na maimaita wuri ɗaya har mai taya ni aiki ya tambaya ko lafiya.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da magariba

Yaran unguwa sun yi shigar dodanni suna bi gida gida karɓar alewa. Uku daga ciki sun zo da rigar casa'in da huɗu, har da baƙin fenti a ƙarƙashin ido. Na juye musu kwanon gaba ɗaya na kashe fitilar waje.

Asabar, 2 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau na faɗa. Ban shirya ba. Bayan ɗan atisayen safe kowa ya watse, ya rage yana kwance bandejin hannunsa a benci. Na zauna kusa da shi na ce, "Ɗana, gobe ka yi a hankali. Ko ka ce gwiwa ta motsa, ni zan tsaya maka. Kwana uku kawai, kasuwa ta tashi."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da warware bandejin ya ce, "Yau dai ka iya."

"Na iya me?"

"Faɗa. Tun ranar da ka fara cire ni in za a ruga da ƙwallo na gane. Haba Tsoho, ba jiya aka haife ni ba. Na ga an yi wa mutum nawa haka a ɗakin nan? In ka ga an fara lallaɓa tsohon ɗan wasa a watan Oktoba, ai ka san wanke shi ake yi a kai kasuwa."

"To maganar sabunta kwantiragi da ka yi mini fa?"

"Na ga kana ta ramewa ne, na ce bari in ba ka abin da za ka yi barci da shi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ni ina ɓoye masa, shi yana lallashina. Na ce to tun da ya sani, me ya sa yake wasa kamar mahaukaci? Me ya sa bai ja baya ba?

Ya dunƙule bandejin ya jefa a kwando. "In na yi lalaci, faifan yana nan, kowa zai gani a Maris. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, mai wasa da rabin zuciya shi ake karyawa, kai ka faɗa mana. Na uku, tana kallo." Ya juyo ya dube ni. "Ranar Lahadin nan da na buge ƙwallon, ta cinye faranti guda. Faranti guda, Tsoho. Rabon da ta yi haka tun Agusta. Ka ce in shiga gobe in yi tafiyar hawainiya tana kallo?"

"Ta sani?"

"Renita? Ita ta fara ganewa. Ta ce kada in kuskura in gaya maka mun sani, wai zuciyarka ba ta da ƙwari."

Ya miƙe ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Kuma laifinka ne. Shekara tara kana koya mini yadda ake zuwa da gudu. Ko rana ɗaya ba ka koya mini yadda ake yin a hankali ba."

Lahadi, 3 ga Nuwamba, bayan wasa

Sau uku. Sau uku ya kayar da mai jifa, na ƙarshe saura kaɗan a tashi, shi ya ba mu wasan. Ban taɓa ganinsa haka ba, ko yana ɗan ashirin da biyar. Filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Mabry! Mabry!" har benci na rawa a ƙarƙashina. Mutane suna rungumata suna cewa Koci ka ga yaronka. Na gani. Wasan da kowane koci ke roƙon Allah ya nuna masa kafin ya mutu ke nan, ni kuwa ina tsaye ina ji kamar ana bin gawa.

Ya cire hula ya nuna kyamara da yatsa, ya san wa ke kallo. Na ɗaga kai sama. Ta gilashin ɗakin manya na hango Sorensen ya juya wa filin baya, waya a kunne.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Babu labari. Kowa na tafiya a hankali a ginin nan kamar gidan mara lafiya.

Litinin, da yamma

Babu labari. An ce biyu sun janye saboda shekarunsa. Allah ya ƙara musu tsoro.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Sun tafi asibiti. Ya turo mini hoton ƙafafunsa a kan ƙaramar kujerar nan, ya rubuta, "Har yanzu naku ne."

Ƙarfe goma sha biyu

Shiru.

Ƙarfe biyu

Shiru. Na fara barin kaina in yi tunanin abin da bai kamata ba.

Ƙarfe uku da rabi

An kira ni sama.

Ƙarfe bakwai na yamma

Wani kulob ne can gaɓar yamma, tafiyar awa biyar a jirgi. Babban mai kayar musu da masu jifa ya karye ranar Lahadi, suna neman kofi, ido ya rufe. Sun ba da zagaye na huɗu, zai koma na uku in Dorian ya buga yawancin wasannin da suka rage. Sorensen ya faɗa mini haka yana ƙoƙarin ɓoye murna. Ya ce wasan Lahadi ne ya ɗaga shi, ya ce na yi aiki mai kyau. Ya tambaya ko shi zai kira ko ni.

Na ce ni. Na bar taron kociyoyi ban nemi izinin kowa ba, na tuƙa zuwa asibitin. Na yi fakin, na kashe mota, na kasa fita. Ina zaune ina haɗa kalmomi sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi. Shi ne. 'Yan jarida sun riga ni, wayarsa ta faɗa masa tun yana riƙe da hannunta.

Na sauke gilashi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, don haka na shirya ya zage ni, da ma ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Nawa?"

"Na huɗu. Ƙila na uku."

Ya gyaɗa kai. "Ba laifi ga tsoho mai gwiwa ɗaya." Ya dubi saman ginin. "Saura ruwa rabin leda. Sun ce mota za ta zo ɗaukata ƙarfe shida, jirgi takwas, gobe da safe likitocinsu su duba ni. Na ce su jira in kai ta gida tukuna. Sun ce to, amma in hanzarta."

Na ce ko in hau in gaishe ta. Ya ce in bari, ba ta son a ga fuskarta yanzu. Ya koma ciki da sauri, ƙofar gilashi ta rufe.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Cinikin ba ya tabbata sai likitocinsu sun yarda da jikinsa. In suka ga abin da ba su so a gwiwar, a dawo mana da shi yau ɗin nan. Na tashi da asuba na sami kaina a durƙushe bakin gado ina roƙon Allah ya sa su ga wani abu. Yaron da na raina da hannuna, ina roƙo a same shi da lahani. Na san abin da hakan zai jawo masa a Maris, na sani sarai, amma ban fasa roƙon ba.

Laraba, ƙarfe uku

Gwiwa lafiya lau.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan atisaye

Sun cire sunansa daga ma'ajiyar kayansa tun kafin in iso. An kawo wani daga 'yan jiran gurbi, yaro mai ladabi, sai "yallaɓai" yake ce mini. Na yi masa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau biyu na juya zan ce, "Dorian, nuna masa."

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da yamma

Ya kira. Yana otal, ga teku ta taga, ya ce ko kallonta bai yi ba, littafin dabarunsu ya fi Littafi Mai Tsarki kauri. Shirinsa shi ne duk Litinin da dare ya hau jirgi, ya kai ta asibiti Talata, ya koma a daren. Amma ba wannan makon ba. Bayan wasan Lahadi suna da wani ranar Alhamis, don haka babu hutun Talata. Yayarta za ta zo daga wani gari ta kai ta. Mako mai zuwa kuma sai abin da hali ya yi.

"Tsoho, kana da hutu Lahadin nan, ko? Je ka kalla tare da ita. Kada ta yi ihu ita kaɗai."

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan na dawo

Makon hutunmu ne, na je. Na kai miyar kaza daga shago na ce ni na dafa, ta ce ko makaho ya san ƙarya nake. Tana kan doguwar kujera cikin bargo biyu. An fara zubar da ƙanƙara kaɗan kaɗan a waje, a talabijin kuwa rana ce tarwai, mutane da riguna masu gajeren hannu.

Da ya fito da rigar wasu da lambar da ba tasa ba, ta ce, "Kai, wannan launi bai karɓe shi ba. Dubi wuyansa." Muka yi dariya. Ya buga da kyau. A kashi na biyu ya kayar da mai jifa, mutanen can da ba su san shi ba sai shekaranjiya suka tashi suna ihu. Na juya in ga ko za ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Ta ɗaga hannu ɗaya daga cikin bargo, ta mayar.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta rage sauti. Ta ce, "Baba Vern, na tambaye shi ya ƙi ba ni amsa mai kyau. Me aka ba ku a kansa?"

"Gurbi a zagaye na huɗu. Ƙila ya zama na uku."

"Ba lamba nake tambaya ba. Wane ne?"

Na ce ba kowa ba ne tukuna. Wani yaro ne da ke jami'a yanzu, ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba, sai Afrilu za a zaɓa. Ƙila ya yi kyau, ƙila ko shekara biyu ba zai yi ba. Yawancinsu ba sa yi.

Ta daɗe tana kallon talabijin, ana tallar mota. Na ɗauka ta bar maganar.

"Kana cikin masu zaɓen?"

"Sukan tambaye ni. Ba lallai su ji ba."

Ta ja bargon har wuya ta ce, "To in sun tambaye ka, Baba Vern, ka ce su zaɓi wanda ba shi da kowa."